Minti Goma Sha Ɗaya a Tashar Kawo

Hayin Banki, Kaduna
13 ga Yuni, 1994

Malam Sanda,

Assalamu alaikum. Sallama kaɗai zan yi maka, ita ma don addini ne. Ba zan tambayi lafiyarka ba, domin wanda ya iya sheƙawa da kyamara a kafaɗa daga Kawo har Katabu, lafiyarsa ƙalau.

Labari uku ni da Kefas muka rubuta maka. Na farko ka ɗauki rabi ka tafi ɗaukar bikin wani alhaji. Na biyu ka ce ɓera ya cinye takardun. Muka haɗiye, muka ba ka na uku, Jakar Asabe, fim ɗin minti ashirin kacal. Ranar ɗauka ɗan wasanka bai zo ba, ka lallaɓi Kefas, malamin makaranta mai mata da 'ya'ya biyu, ka ce ya fito a ɓarawon. A shafi na tara Kefas ya rubuta da jan biro: a sanar da shugabannin tasha tukuna. Ka ce a'a, kai fuskokin gaske kake so.

To ka samu. Kefas ya fizge jakar, aka yi ihun ɓarawo, tashar Kawo ta rufe shi. Sun fasa masa kai da dutse. Wani kwandasta ya sa rodi ya karya masa hannun dama gida biyu, hannun da yake rubutu da shi. Har taya sun rataya masa, ana neman fetur, Allah ya kawo 'yan sanda. Matar da ka ɗauko ta fito a mai jaka ta ɓace, kai ma ka ɓace. Ni kuwa an ture ni ƙasa an tattake ni, na kasa isa wurinsa.

Yanzu yana asibiti da ankwa a ƙafa. Makaranta ta dakatar da shi. Ran 27 ga wata za a kai shi kotu da laifin sata. Na rantse wa 'yan sanda wasa ne, suka ce ina kyamarar? Kaset ɗin nan ne kaɗai shaidarsa. Ka aiko shi kafin Juma'a. In ba haka ba wallahi zan zo da kaina, kuma ba da biro zan zo ba.

Ka huta lafiya, in kana iya hutawa.
Audi

*

Katabu
17 ga Yuni, 1994

Zuwa ga aminina Malam Audi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya ofis, yaya damina? Yaya kuma mai jiki? Allah ya ba shi sauƙi, kullum yana cikin addu'ata.

Na ga wasiƙarka, na kuma yafe maka zafinta. Ba gudu na yi ba, kyamarar ta haya ce, da an fasa ta da na shiga uku. Fim ɗin ma ban jefar da shi ba, na ɗan ajiye ne har ƙura ta lafa. In gaya maka gaskiya, abin da na ɗauka ranar nan ba wanda ya taɓa ɗaukar irinsa a Arewa. Da za ka canza ƙarshen labarin ya dace da shi, da mun gama.

Amma batun kaset, ka yi tunani, domin kai nake rufa wa asiri. Ka manta da na ce kada a sanar da kowa, ka ce haka ya fi? Ka manta wa ya fara ihun ɓarawo? Muryarka ce, ta fito tangaran. Kuma ba wanda ya ture ka, Malam Audi. A minti na huɗu, lokacin da Kefas ke kiran sunanka, kana nan da shuɗiyar rigarka a bayan motar Zariya. Ka dube shi, ka juya, ka bi ta layin masu shayi a guje. Na ɗauke ka har ka sha kwana.

In kaset ya je kotu, da alƙali da Rebecca matar Kefas da shi kansa duk za su gani. Ka bari kawai, lauya zai san dabara.

Ka gaida mutan gida.
Naka har kullum,
Sanda, Darakta

*

Hayin Banki
22 ga Yuni, 1994

Ɗan'uwana Kefas,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Yaya hannun? Allah ya ƙara sauƙi. Na ba Rebecca wannan takarda tare da ƙunshi, ita za ta karanta maka, don ni ba ni da idon da zan dube ka da shi.

Jiya na je Katabu. Na tarar da Sanda a tsakar gidan kawunsa yana cin masara, ya nuna mini tabarma wai in zauna mu yi maganar sabon labari. Ban san lokacin da na ɗauki ƙarfen da yake kafa kyamara a kai ba. Dukan farko a baki na same shi, haƙora biyu suka zubo a kan tabarmar tare da masarar. Na biyu a haƙarƙari. Ya rarrafa zai shiga ɗaki, na jawo shi ta ƙafa, na taka hannunsa na ce ina kaset. Yana kuka yana tofar da jini ya nuna mini ƙarƙashin katifa. Da kawun bai riƙe ni ta baya ba, da yau ni ma ina da ranar kotu. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ina dukansa ina jin cewa rabin dukan nawa ne.

Na kai kaset ɗin shagon Tukur mai bidiyo na kalla ni kaɗai. Minti goma sha ɗaya ne. Hannun Sanda bai girgiza ba ko sau ɗaya. Da suka ɗaga rodin, matso da hoton ya yi don hannunka ya fito sosai. Amma farkonsa ya wanke ka tas. Ga ka nan kana dariya da matar, tana gyara maka yadda za ka kama jakar, ga muryar Sanda yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ba alƙalin da zai ga wannan ya riƙe ka.

Saura abin da ya hana ni zuwa asibiti kwana biyar. Na yi maka ƙarya, Kefas. Ba wanda ya ture ni. Ka kira ni sau uku, na ji, na gudu. Tsoro ne, ba wani abu ba. Tukur ya ce zai iya goge minti na huɗu ba wanda zai gane. Na tsaya a shagonsa har aka kira la'asar, yatsansa a kan maɓalli yana jirana. Sai na tuna shekara shida muna rubutu a teburi ɗaya, kullum kai ke hana ni yanke wurin da ya yi ɗaci. Na ce ya ba ni kayana.

Ga shi nan yadda yake. A kai wa lauya. Bayan kotu, in ka ce kada in ƙara taka ƙofar gidanka, ba zan taka ba.

Ka gaida yara. Allah ya tashi kafaɗarka.
Audi

*

Kawo
29 ga Yuni, 1994

Audi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

An kalli kaset ɗin a kotu, alƙali ya sallame ni. Makaranta ta ce in koma in na warke, amma likita ya ce yatsun dama ba za su ƙara riƙe biro ba.

Ba a kaset na fara ganin gudunka ba. Na gan ka ranar, ta tsakanin ƙafafun mutane. Mako biyu kana zaune bakin gadona kana ba ni labarin yadda aka tattake ka, ina jira in ga ko za ka faɗa.

Ban yafe ba tukuna. Rebecca ma ta ce ba za ta ba ka ruwa ba, sai ka taho da naka. Amma ka zo ran Asabar da keken rubutunka. Ina da labari, ba ni da hannu. Ni zan faɗa, kai ka buga, kuma ba darakta za mu ba shi ba. In mun zo minti na huɗu, da sunanka za ka rubuta shi.

Ka gaida matarka Mero da yara.
Kefas