Soda Ta Cinye Zanen Yatsuna

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin Alhaji, ya yara da jikoki? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Na ba direban Gusau takardar nan ne don na san wayarki a hannun jikoki take wuni, ni kuwa ba na so maganar ta kai kunnen autata Hanifa a gidan mijinta.

Kin san tun da ciwon gwiwa ya sa na ajiye alli kafin lokacina, Malam ma ya yi ritaya, fanshonmu biyu a haɗe ba ya kai mu tsakiyar wata. Ɗan abin da na tara na zuba shi a sana'ar sabulu. Ina haɗawa a bayan gidanmu, Ɗantsoho mai shago a Kongo yana sayar wa ɗalibai, da kuɗin muke cefane. Malam kuwa, tsohon hedimasta, in abokan masallaci suka tambaya sai ya ce wai zaman banza na ƙi. Zaman banza! Ni da na manta yadda ake barcin rana.

To, an kira mu malaman firamare tantancewa. Na je ofishin fansho da takarduna cif, na dangwala babban yatsa, na'ura ta ƙi. Aka gwada sauran, ko ɗaya. Yarinyar da ke wurin ta juya hannuna ta ce sodar sabulu ta cinye zanen yatsun. Yaya, ga ni tsaye ina numfashi, amma wai in wata ya ƙare na'ura ba ta gane ni ba, za a cire sunana tare da na matattu. Wallahi tsoro nake ji.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Tayyiba.

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, Allah ya ƙara wa Alhaji sauƙi. Kuka da daddawa sun iso, Allah ya bar zumunci.

Amma shawararki ta lalle, Yaya, Allah ya yafe miki! Kin ce haka Inna take yi in hannunta ya tsage. Na kwaɓa, na ƙunsa, ya kama jawur, na tafi ina taƙama. Na'urar ko motsi ba ta yi ba. Yarinyar ta riƙe baki, ta ce lallen ya rufe ɗan zanen da ya rage. Tsofaffin da ke layi suka yi ta tambaya ina angon. Na yi dariya ne don kada in yi kuka a gabansu.

An ƙara mini wa'adi, kuma shi ne na ƙarshe. An ce ba lalle, ba soda, ko wanki kada in yi, sai fata ta dawo. Ga Ɗantsoho ya aiko cewa in kaya bai zo ba zai karɓi na wata mata daga Dutsen Abba, kuma ban ga laifinsa ba. In na taɓa sabulu, fansho ya tafi har abada. In na bari, me za mu ɗora a wuta? Gaba kura, baya sayaki.

Na gaya wa Malam da zafi, har na ce masa mutuncin da yake tattali ba a kaɗa miya da shi. Ya saɓa babbar riga ya fita. Tun ranar magana tsakaninmu sai gaisuwa. Ina nan zaune, hannu shafe da man kaɗe, ina kallon buhun masara yana ta yin ƙasa.

Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Tayyiba.

Zuwa ga Yayata Zinariya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙoƙari? Ina gaida Alhaji da kyau.

Na'ura ta karɓe ni jiya, da ƙaramin yatsan hagu. Sunana ya tsira. Amma kada ki yi guɗa tukuna, bari ki ji yadda aka yi.

Bayan wasiƙata ta baya, wata safiya na ji ana motsa robar sabulu a bayan gidanmu. Na leƙa, sai ga Malam da singileti, ya naɗe wando, yana juya sabulu da muciyata. Ashe duk lokacin nan yana lura da yadda nake awo. Na ba shi safar hannu, ta yage a ranar, ya ce kuɗin sabuwa gara a sayi gishiri. Shi ya yanka, shi ya ɗora a keke, ya kai Kongo da rana tsaka. Wani tsohon ɗalibinsa, Kailani, da yanzu yake koyarwa a can, ya gan shi da kwali a kafaɗa, ya rugo zai karɓa, Malam ya hana. Ɗantsoho ne ya ba ni labari, Malam bai faɗa ba. Haka ya yi ta yi har fatata ta dawo, ba mu kwana da yunwa ba. Na ji kunyar maganar da na gaya masa ƙwarai.

Na dawo daga ofishin da murna, sai na tarar an sanar a rediyo cewa mako mai zuwa na su Malam ne, kuma su ba ƙarin wa'adi. Fanshonsa ya fi nawa, daga ciki muke biyan haya. Na lura ya tura hannayensa cikin riga. Na jawo su da ƙarfi na duba a hasken taga. Yaya, sumul suke, ko layi ɗaya babu.

Ya ce in daina kuka, Allah yana nan. Na ɗauko man kaɗe, ya miƙo mini su duka biyu. Gobe ni zan koma kan sabulu, shi ya zauna, amma mako guda ba ya mayar da fata, ni shaida ce.

Ki roƙa mana Allah, don Allah.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Tayyiba.