Ranar da Batir Ya Mutu

Ollelewa, Litinin

Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ka gafarce ni da na dame ka, na san ba ka son saƙo daga gida.

Baba yana kwance, ko kunu ba ya iya shanyewa. Akwai kuma abin da na riƙe shekara ashirin da shida, ina tsoron in tashi da shi gaban Allah.

Ka tuna talabijin ɗinmu mai baƙi da fari, wadda ake jona wa batirin mota? Ranar da aka nuno ka kana kokowar neman takobin ƙasa, duk unguwa tana tsakar gidanmu. An gaya maka da aka kayar da kai Baba ya tashi ya fice don kunya. Yaya, bai ga kayen ba. Kuna kama juna da ɗan Tawa hoto ya ɗauke. Ni na cinye batirin, na kunna wa mata wa'azi da hantsi ba da izini ba. Baba fita ya yi neman aron wani. Tsoron faɗa ya sa na yi shiru, daga baya kunya ta ɗaure min baki. Da ka daina zuwa, Baba kuwa ya ɗauka ka raina gida ne.

Ka yafe min. Ka zo.

Ƙanwarka,
Zuhaira

Belbeji, Laraba

Malama Zuhaira,

Wa alaikumus salam. Sule direba ya kawo takardarki, sau uku na sa aka karanta min. Wa'azi! Ashe wa'azi ne ya kayar da ni, ba ɗan Tawa ba.

Ban san abin da zan ce miki ba. Ki tambayar min Baba: idan na zo, zai dubi fuskata? Sai na ji.

Yahuza

Ollelewa, Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gaya wa Baba komai, na karanta masa taka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kaye? Ni sau uku aka shimfiɗa ni a dandalin Falanko, na dawo gida na ci tuwona. Ce wa sakaran nan ya zo." Ya sa aka juya masa tabarma ta fuskanci ƙofa.

Jiya bayan sallar Juma'a Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun yi haƙuri, kai ma ka yi.

Sadakar bakwai ranar Alhamis ce. Ban sani ba ko in gyara maka ɗaki. Don Allah ka ba Sule amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Zuhaira