Koren Habsatou

Litinin, 7 Afrilu 2025
Na ƙirga yau a jirgin ƙasa: alama 312 a taswirar wayata. Shekara tara ina dasa su da ƙafata. Kore, shagon gaskiya. Ja, wanda zai ce maka "meyo", babu, alhali kayan na bayansa. Kowace da bayaninta: "Lawban, wato mai shago, mai haƙorin zinariya, hawa na huɗu, ƙofar baya." Taswira ba ta san hawa ba, ni na sani.

Talata, 8
Wata baƙuwa daga Maraɗi, Habsatou, zuwanta na farko sarin kaya. A wurin cin abinci a unguwar Xiaobei ta leƙo wayata. "Yaya Firdausi, turo min su mana." Turo! Kamar hoton biki. Na ce mata da waɗannan nake cin abinci, mai so ya ɗauke ni rakiya. Ta yi dariya, ban yi ba.

Laraba, 9
Ruwa. Ƙafata na ciwo.

Alhamis, 10
Ƙarfe biyu da rabi Habsatou ta kira. Kayan sallarta dila shida suna cikin mota, ƙarfe huɗu ake rufe kwantena a sito, a wuce da ita tashar jiragen ruwa ta Huangpu. In ta rasa wannan, kayan sai bayan sallah, wa zai saya? Mijinta ya turo mata alamar siton daga Yamai, sun bi, sai ga su gaban makarantar yara. Direba na ta faɗa da Sinanci.

Nan take na gane. Da taswirar waje ya dasa alamar, ita kuma ta buɗe a ta nan, kuma ba sa haɗuwa, sai alamar ta goce kusan rabin kilomita. Ni ma ta taɓa yi min, na yi kuka a bakin titi, ba wanda na faɗa wa.

Na ce ta kunna wurin da take. Shuɗin ɗigonta ya bayyana, yana tsalle tsakanin benaye. Na tura mata tawa alamar, na riƙe ta a waya: dama, wuce gada, kar ki bi kibiyar, ƙofar na baya. Saura minti ashirin suka shiga.

Wallahi na ji daɗin kaina. Duk Xiaobei wa zai iya wannan daga kan kujera?

Juma'a, 11
Ta kawo min kilishi. Na buɗe mata alamomin masallaci da na abinci kawai. Waɗannan ai ba sana'a ba ne.

Asabar, 12
Da na kasuwar Shahe. Guda goma. To, duka 312 na buɗe mata. Raba su wahala ne, shi ya sa.

Lahadi, 13
Na tashi na ga 313. Wata sabuwa, kore, a Shahe, Habsatou ce ta dasa, da rubutunta: "Mai leshi, ƙarƙashin matakala, ba ta ha'inci." Layin da nake bi shekara tara! Raina ya ɓaci, na sa takalmi na je don in goge ta da hujja.

Na sayo bandir huɗu. Na bar ta kore.