Lemar Maigidana Ta Hana Ni Fakewa

Anti, don Allah ki taimaka mini. Abin da ke damuna ko aminiyata na kasa gaya wa, don na san dariya za ta yi.

A ɗakin kati na wani asibiti nake aiki. Tun safe hayaniya ce, wannan katinsa ya ɓace, waccan ta rantse ita ta riga zuwa. A gida kuma ga yara uku, ga surukata da rediyonta da ba a kashewa. Ina ƙaunarsu, Allah ya sani, amma kunnena ba ya hutawa.

Bara da damina ruwa ya tare ni a hanya, na ruga na fake a wani ɗakin karatu da kullum nake wucewa ban taɓa leƙawa ba. Can ƙurya akwai kujera kusa da taga, ƙafarta guda ta gaza, sai an cusa mata takarda. Na ɗauki littafi don kada mai kula da wurin ya ce zaman banza nake. Anti, sai na tafi. Ruwa na sauka a kan kwano, ƙamshin ƙasa na shigowa, ni kuwa ina can cikin jirgin ruwa da mutanen da ban taɓa gani ba. Ko da na ɗago, an daɗe da ɗaukewa.

Tun ranar, da hadari ya haɗu sai zuciyata ta yi fari. Ko yayyafi ake sai na yi awa guda a can, in na isa gida in ce ruwa ne ya tsare ni. Har gefen mayafina nake jiƙawa a bakin indararo don maganar ta zauna.

To bana sai Baban yara ya sayo wata ƙatuwar lema, wai ba zai ƙara barin matarsa ta rakuɓe a barandar mutane tana rawar sanyi ba. Gari na yin duhu da hadari zai rufe shagonsa, in fito in same shi a ƙofar asibiti yana murmushi. Sau shida ke nan. Muna tafe kafaɗarsa na jiƙewa saboda ya karkato lemar wajena, ni kuma ina satar kallon tagata. A shafi na tamanin da huɗu na bar littafina.

In na faɗa masa, zai san damina guda na yi ina yi masa ƙarya, ya ɗauka gudunsu nake. In na yi shiru, na rasa awa ɗayar da nake samun kaina. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Fakewa

Ƙanwata Mai Fakewa,

Na yi dariya, ki yafe ni, amma mayafin nan ne ya ba ni. Son shiru ba laifi ba ne. Wadda ta wuni tana sauraron jama'a tana da haƙƙin awa guda, kuma ita ce ke komawa gida da sakin fuska.

Sai dai ki dubi mutumin nan. Damina guda ya yi yana hango ki a rakuɓe cikin sanyi, abin na cin sa, har ya sayo lema. Ƙaryarki ce ke rufe masa shago. Wannan kam ki ba shi haƙuri, ba tare da kwana-kwana ba. Zai iya jin zafi kwana biyu, ki bar shi ya ji.

Kada ki tsaya dogon bayani a gida. Ran da aka sake yin ruwa, in kun iso ƙofar ɗakin karatun, ki ja hannunsa ku shiga. Nuna masa kujerar, da takardar da ke ƙarƙashin ƙafarta, da shafin da kika tsaya. Abin da ya gani da idonsa ba zai bar masa zargi ba. Sannan ki roƙe shi awa guda a fili, ko da ruwa ko babu, don rani na zuwa.

Lemar kuwa kada ki raba shi da ita. Ya koma shagonsa, bayan awa ya zo ya ɗauke ki a can. Ki matso kusa da shi sosai, kafaɗar nan ta sha ruwa haka nan.

Allah ya bar ku tare, ya kai ki ƙarshen littafinki lafiya.

Antinku