Sharbot Ɗin Babbar Sallah

Wad Haddad, 16 ga Zulhajji, 1990

Zuwa ga Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara, da fatan an yi Sallah lafiya. Mu dai ba mu yi ta lafiya ba, kuma ke kika jawo.

Jarkar sharbot ɗin da kika aiko ta hannun Jibril direba ta iso kwana uku bayan Sallah. Na ce jiƙon dabino ne irin na Inna, wanda ake sha a narkar da nama. Na sha bayan azahar. Da la'asar na hau kiran salla, Yaya, sai ga ni ina cewa salla ta fi barci, kamar asuba ce. Da zan sauko na rasa matakala, na faɗo a gaban jama'a. Liman ya sunkuya zai ɗaga ni, ya ji warin bakina, ya ja da baya.

Shekara goma sha tara ina ladanci a garin nan, ko kwana ɗaya ba a taɓa jirana ba. Yanzu lajna, wato kwamitin masallaci, ta dakatar da ni, an ba Salmanu mai faci lasifika. Sun rufa mini asiri ba su kai ga 'yan sanda ba, amma za su zauna Juma'a ta uku su yanke ko in koma ko a cire ni. Ki rubuto takarda ki ce ke kika zabga hamira, wato yisti, fiye da kima har abin ya zama giya, kuma ba ki gaya mini ba. Ki sa hannu, ki ba Jibril. Kada ki ɓata lokaci.

Ƙanenki,
Abdulmuttalib

Damazin, 21 ga Zulhajji

Abdulmuttalib,

Wa alaikumus salam. Yara suna gaishe ka, ni kuma raina a ɓace yake.

Kai, ba ka da kunya! Dabinon nan da hannuna na zaɓe shi a kasuwa, na dafa da citta da kirfa da kanumfari, na tace ana jibi Sallah, a ranar na ɗora shi a mota. Na ɗanɗana, zaƙi ne zalla. Motar Jibril ta kafe a taɓo kafin Sinja, kwana biyar jarka tana bisa buhuna cikin rana. Ni na yi ruwan sama?

Gida ɗaya muka tashi. Ka sha ganin Inna tana zubar da sharbot a bayan danga in ya haura kwana uku, har kana kuka kana riƙe mata zane. Yau kuma ka zama baƙo, ba ka san jarkar da ta kumbura ba?

Ka san abin da kake nema kuwa? In rubuta da hannuna cewa ina dafa giya, a karanta a masallaci a gaban mutum hamsin. Kafin mako magana ta iso Damazin. Bulala arba'in ce, kuma su kwashe mini murhu da kofunan shayi a bakin tasha. Marayu huɗu nake ciyarwa da shayin nan, ba ka taɓa aiko musu ko mudun dawa daga hawasharka, gonar da kake nomawa, ba. Ba zan rubuta ba. Ka gaya mini dai, kofi nawa ka sha?

Yayarka,
Huseina

Wad Haddad, 25 ga Zulhajji

Yaya Huseina,

Bayan gaisuwa. Na karanta zaginki, na gode.

Kofi ɗaya na sha, ɗaya tak. Kuma ta yaya zan gane? Na zuba ya fito baƙi wuluk kamar gahawa, kumfa ta taru a bisa mai kauri. Ƙanshin dabinon da ya ɗan ƙone yake yi. A harshe zaƙi ne ya fara zuwa, bayansa ɗaci mai nauyi da ke daɗewa a maƙogwaro, sannan ɗumi ya sauka ƙirji a hankali har ya kai yatsu. Na ce citta ce kika cika, don ke ba ki taɓa sanin awo ba. Sauran na tuttular a tur'a, magudanar ban ruwan gonaki, ruwa ya tafi da shi.

Ba ki san halin da nake ciki ba. Na daina zuwa kasuwar Laraba. In na wuce majalisa sai a yi shiru, ina juya baya wani ya ce barci ya fi. Zainabu matata ta daina fita ɗebo ruwa don gorin mata. Ke kina can nesa, wa ya san ki a nan? Takarda ce kawai, liman zai karanta ya yage. In kin hana ni ita, wallahi ki ɗauka ba ki da ƙane a nan yankin Jazira.

Abdulmuttalib

Damazin, 29 ga Zulhajji

Abdulmuttalib,

Sallama dai ta Musulunci ce, ga ta nan.

Ya salam! Wanda ya sha kofi ɗaya bisa kuskure, shi ne zai zauna ya zayyana mini kumfa da ɗaci da ɗumi har yatsu? Ni da na dafa abin ban iya yabonsa haka ba.

Jibril ya sha shayi a wurina jiya. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce da ya miƙa maka jarkar sai da ya ce, "Malam, wannan ta juya, ka zubar." Ka ce masa to. Kuma Zainabu ta ba shi jarkar ya dawo mini da ita, tare da saƙon baki. Ta ce a bayan rumbu ta tsince ta, cikin karan dawa, kwana shida bayan an dakatar da kai, saura ɗan kaɗan a gindi. Tur'ar taku a bayan rumbu take? Tana kuka ta ce in yi maka magana, don ita ta kasa.

Ga takarda nan na rubuta wa lajna, ba don barazanarka ba, don Inna da ke kabari. Na ce halal na dafa, mota ta kafe kwana biyar, rana ta juya shi a hanya. Duk gaskiya ne, kuma Jibril ya sa hannu a kan maganar motar. Ban sa abin da ya gaya maka ba, ban sa rumbu ba, na kuma roƙe shi ya kama bakinsa. Iyakar abin da zan yi ke nan. In sun tambaye ka ko ka sani kafin ka sha, ba ni zan amsa ba.

Ina jin haushinka ƙwarai, kuma ina jin tsoro a kanka.

Huseina

Wad Haddad, 6 ga Muharram

Yaya,

Assalamu alaikum. An zauna jiya bayan Juma'a. Liman ya karanta takardarki, kowa ya ce ai tsautsayi ne. Har Salmanu ya tashi ya miƙo mini makullin ɗakin lasifika. Sai liman ya ce abu ɗaya ya rage don a rufe bakin mutane, in dafa Alƙur'ani in ce ban san ya juya ba.

Aka kawo, aka ajiye a gabana. Na kalle shi, ban dafa ba. Na mayar wa Salmanu makulli, na ɗauki takalmana na fito.

Tun kafin in buɗe jarkar na sani, kuma na ji daɗinsa. Kada ki aiko amsa.

Ƙanenki,
Abdulmuttalib