Yamma Na Kai Ki Don Ki Je Gabas

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Allah, na rubuto in faɗa miki abin da na gani da idona bana: daga filin jirgin Yamai zuwa na Jidda, tafiyar ko awa shida ba ta cika ba. A zamaninki, awa shida ko Gure motar Diffa ba ta kaiwa.

Kin tuna shekarar da tattasanki ya yi kyau, kika ce Makka za ki? Kawu Modu ya aiko daga Maiduguri, ya ce ki ƙetare kogin Komadugu kawai, zai sa sunanki cikin maniyyatansu ki tashi daga can. Tafiyar wuni ɗaya ce. Ni na hana. Sabon mushe ne ni a lakwal, wato malamin makaranta, kaina na hayaƙi, na ce ke 'yar Nijar ce, da fasfon Nijar za ki tashi, ba ta bayan fage ba. Abin da kika ce kawai shi ne, "To, kai ka yi boko."

Haka na ɗora ki a mota, ga hawan jini ga kumburin ƙafa, muka bar garinmu Diffa muka nufi yamma don a kai ki gabas. Kwana biyu da wuni muna faɗawa ramuka. A Damagaram kika kasa sauka sai da na goya ki. Ko sau ɗaya ba ki yi ƙorafi ba, kuma wallahi gara a ce zagina kika yi.

A Yamai muka zauna jiran jirgi. Ya iso ran kwana tara, ke kin cika ran na shida. Matan da ba su san ko sunanki ba su suka yi miki wanka. Kawu har ya rasu bai sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bana, bayan shekara goma sha ɗaya, na samu kujera. Mun tashi da kamar awa ɗaya da rabi, wani dattijo a gefena ya leƙa taga ya ce ai yanzu muna saitin Diffa. Duk hanyar da ta karya ki, jirgi ya haɗiye ta kafin shayin da aka miƙo mini ya huce. Na kasa sha. Na ji haushin wannan nisa, amma haushin kaina ya fi.

Da na dawo na wuce maƙabarta don in ba ki labari. Wurin ya cika maƙil, Inna. Tun hantsi har azahar ina zagaye, ban gane kabarinki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya rubuta miki ladan hajjin da kika yi niyya, Ya kai miki wannan gaisuwa, tunda Shi bai ɓatar da inda kike kwance ba.

Ɗanki mai neman yafiya,
Bukar