Sun ce asiri na rataya a gona, buhu ɗaya ya rage mini

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara da gaggawa, abin nan ba ya jira.

Ni mace ce a wani ƙauye yamma da Tanut, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar yaƙi da jahilci, to ku yi haƙuri da rubutuna. Bara murzuna ta cinye mana gero, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana sassaƙe ta, ka ɗaga dami ka ji kamar kara ka ɗauka. Tun kafin azumi rumbunmu ya ƙare. Ɗana babba ya ce in bana ma haka ne Libiya zai tafi, kuma na san halinsa, ba ya faɗa ya fasa.

Da damina ta yi nisa sai masu binciken noma suka zo suka tara mu a gindin aduwa. Wata malama cikinsu ta nuna mana ƙananan buhunan algarara, ciki akwai ɗan gero da wasu ƙwari ƙanana kamar cinnaka mai fiffike. Ta ce in gero ya fara fitar da kai a rataya su a itace, ƙwarin su fito su bi murzuna su kashe ta, sharaɗi ɗaya, kada a fesa magani. Maza suka yi ta dariya. Ni na karɓa, don na ga hoton gonakin da aka gwada a wayarta da idona.

Na rataya su da rana tsaka, ban ɓoye wa kowa ba. Wan mijina, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, ya gani ya ce layu ne, wai na ɗaure su ne in janye albarkar gonarsa zuwa tamu, wai tun da na iya karatu na fara bin malaman tsibbu. Ya tsinke su ya ƙone a gaban mutane. Na same shi a ƙofar gidansa na ce Yaya, da asiri na iya da ba gero zan fara jawowa ba, hankali zan jawo maka. Na san maganar ta yi nauyi, amma ta riga ta fita. Yanzu mata ba sa barin tulunsu kusa da nawa a rijiya.

Guda ɗaya ya tsira, don ban kai ga rataya shi ba. Na kira malamar, ta ce babu wasu sai baɗi, kuma ƙwarin ba sa daɗewa a ɗaki, in ban fitar da su cikin kwanakin nan ba za su mutu. Ta ce suna tashi da nisa, ko a gonar ƙanena na rataya za su iso tamu. To amma maigidana, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya ce shi ya san ba asiri ba ne, sai dai ba zai rabu da ɗan'uwansa kan ƙwaro ba, in na rataya ko a ina ne in wuce gidanmu. Maigari kuwa abokin wan nasa ne, balle in kai ƙara wurinsa. Kuma wan ya ce ranar kasuwa zai sayo magani ya fesa tasa gonar.

Jiya na shiga gona na murza zangarniya, na ga tsutsar ta fara.

Ni ban iya ƙarya ba, ban taɓa yi wa mutumin nan abu a ɓoye ba. In kai wa ƙanena a asirce in yi shiru? In rataya a gabansa in ɗauki kayana? Ko in bar su su mutu in raka ɗana tasha? Buhun yana nan ƙarƙashin gadona, ɗazu na buɗe, suna motsi har yanzu. Ku gaya mini abin yi.